Igiyar Rumbun Malam Sada

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Yabo ya tabbata ga Ubangijin da iska ba ta tashi sai da izninSa, ba ta kuma kwantawa sai Ya ce ta kwanta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban talikai, da alayensa tsarkaka, da sahabbansa masu daraja.

Bayan haka, ni Ja'afar ɗan Malam Sada, mutumin Tudun Ƙirya, mafi ƙarancin sani cikin waɗanda suka durƙusa gaban Shehinmu a birnin Alƙahira, na ɗauki alƙalami domin in rubuta abu guda daga cikin karamominsa, wanda na gani da idona, kuma ya faru a kan gidanmu. Sunansa ba zan faɗa ba, domin ya hana mu tun yana da rai, ya ce wanda ya san shi ya san shi, wanda bai san shi ba kuwa babu abin da ya rasa. Mu dai Shehu muke ce masa, Misirawan unguwa su ce Maulana. Allah Ya tsarkake sirrinsa, Ya haskaka makwancinsa.

Shehu, Allah Ya ƙara masa yarda, malami ne masani, faƙihi, mai zurfi a nahawu da tafsiri da ilimin hadisi, wanda manyan malamai da kansu sukan hawo matakalar gidansa da rawunansu, su kawo masa mas'alar da ta shige musu duhu, ya warware musu ita cikin kalmomi kaɗan yana kallon ƙasa, sannan ya ce su sake dubawa ko ya yi kuskure. In yana Larabci ba ka cewa ya taɓa jin wani harshe, in kuwa ya juya Hausa sai ka rantse jiya ya ajiye garma. Tsantseninsa da gudun duniyarsa sun wuce a faɗa: fararen riguna biyu, tabarma, buta, sai littattafan da suka kai rufin ɗaki. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko ranar da wani ɗalibi ya kifar da kwalbar tawada a kan littafin da ya kwafa da hannunsa tun yana saurayi, abin da ya ce kawai shi ne a kawo tsumma. Ɗalibin nan kuwa, tun da gaskiya ake rubutawa, ni ne.

Gidansa yana hawa na huɗu a wani tsohon bene a Abbasiya, bayan tashar ƙananan motocin haya, inda ya shekara arba'in da wani abu tun zuwansa neman ilimi. Har yau in na rufe ido ina jin unguwar nan a kunnena: mai sayar da iskar gas yana buga ƙarfe a jikin tukunya, mai dafaffen wake yana kiran masu saye da sassafe, yaran mota suna ihun sunayen unguwanni, tantabaru suna kewaya kan benaye kafin magariba. Mukan hau matakalar nan mu tara ko goma, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da Hausawan Sudan, muna haki muna dafa bango, mu tarar da tsoho ya riga ya ɗora mana shayi da kansa. Kwanakin nan sun wuce, kuma ina kewarsu kewa mai tsanani, har da yunwar da muka sha a cikinsu.

Na sauka Masar a shekarar 2011, ƙasar tana cikin hargitsi, ni kuma ina cikin ɗimuwar ɗan ƙauyen da bai taɓa ganin bene ya wuce hawa biyu ba. Hamad, wani Bahaushen Sudan da muke ɗaki ɗaya da shi, shi ya kai ni wurin Shehu. Na kwana uku ina bitar nahawu don kada in kunyata, amma da na gaisa na zauna, tambayar da ya fara yi mini ita ce, "Wane gero kuke shukawa a garinku, zango ko maiwa?" Na ce zango. Ya yi murmushi ya ce madalla, ya kuma tambayi launin ƙasarmu da zurfin rijiyarmu. Daga baya na lura a barandarsa akwai wani tsohon bokiti da yake shuka gero a ciki kowace shekara, daidai lokacin da ake shuka a gida, ko da yake saman Alƙahira ba ta san damina ba. Mun san dai ɗan manoma ne, amma garinsu da danginsa bai taɓa ambata mana su ba, mu kuma ladabi ya hana mu tambaya.

Domin mai karatu ya fahimci abin da zai biyo, dole in faɗi wata al'ada tamu. A wajenmu farkon damina ba ya zuwa da ruwa kaɗai, da iska yake zuwa. Lokacin kuwa hatsi ya ja baya, abin da ya rage a rumbu shi ne abincin gida har kaka, kuma a cikinsa irin shuka yake. In iska ta ɗauke jinkar rumbu, wato hular ciyawar da ke rufe shi, ruwa ya biyo baya ya jiƙa hatsin, to gidan nan ya shiga uku. Saboda haka da zarar hadari ya haɗo, magidanci kan jefa igiyar rama ta bisa jinkar, shi ya riƙe wannan gefe, maƙwabcinsa ya riƙe wancan, su zauna da nauyinsu har iska ta wuce. Haka kakanninmu suka yi, kuma dabarar tana ci.

A wannan aiki babu kamar mahaifina a duk Tudun Ƙirya. Wasu riƙe igiyar kawai suke yi, shi kuwa naɗe ta yake yi sau uku a tsintsiyar hannunsa na dama, don ko hannu ya gaji kada ta suɓuce. Shekara arba'in jinkarsa ba ta taɓa tashi ba, kuma ba ya gajiya da faɗa wa mutane haka. Mutum ne mai kyauta da son baƙo, amma in ya kafe a kan abu, gara ka je ka lallashi kututture. Rumbun nasa yana bayan gida, taku kaɗan daga bakin kududdufin gari, wato ramin da aka haƙi ƙasar gini tun kaka da kakanni har ya fi tsayin mutum biyu zurfi. Da rani a bushe yake, nan ake zubar da shara, nan awaki ke kiwo, da damina kuwa shi ke fara cika da ruwa. Ba wuri ba ne da mai mutunci zai sauka.

To, a watan Rajab na shekarar 1434, wanda ya yi daidai da watan Mayu na 2013, ran wata Lahadi, bayan an tashi daga darasi 'yan'uwa suna neman takalmansu, Shehu ya yafuto ni da hannu. Na durƙusa. Ya ce, "Ja'afaru, kududdufin garinku yana da ruwa yanzu?" Na yi mamaki, don ban tuna na taɓa yi masa zancen kududdufi ba. Na ce, Allah Ya gafarta Malam, a bushe yake, ba a yi ruwan kirki ba tukuna. Ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Ka kira gida. In hadari ya taso musu kafin Juma'a, kada kowa ya riƙe rumbu. Su sauka kududdufi, su kwanta rubda ciki." Bai ƙara komai a kai ba, ya buɗe littafinsa.

Na sauko daga benen nan da nauyi a zuciya. Ban yi shakkar Shehu ba, amma na san mahaifina. Ta yaya ɗa zai buɗe baki ya ce wa ubansa, mai furfura, ya bar abincin iyalinsa ga iska, ya je ya kwanta cikin shara tare da mata da yara, a ramin da kowa ya san ruwa can yake taruwa? Na yi ta jan ƙafa har Litinin da yamma, sai da Hamad ya tasa ni gaba zuwa shagon waya yana cewa, "Yalla, mu je, ya Ja'afar, saƙon Shehu ba a kwana da shi, kai ka kwana." Na kira yayata Kulu, wadda take aure a cikin garin, ita kaɗai ke da waya a danginmu, kuma sai ta hau tudun da ƙiryar gari take kafin magana ta fita sosai. Na gaya mata. Sai ta ce, "To Jafaru, ga Baba nan ƙarƙashin ƙirya da su Hassumi. Faɗa mashi da bakinka, ni ba ni iyawa."

Na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi jaki, na tambayi rijiya, daga ƙarshe dai na furta. Ya ce, "Ka ce mi? In bar rumbu, ga hadari bisa kai, in shiga kududdufi in kwanta? Wannan shi ne karatun Masar ɗin da aka kai ka? Malamin naku ya taɓa riƙe igiya kuwa? Ka gaishe shi da kyau, ka ce na gode. Shi riƙe littafinshi, ni in riƙe rumbuna." Ina jin dariyar dattawa a bayansa har cikin shagon. Kunya ta rufe ni, kuma ina neman gafarar Allah, a wannan lokacin rabin zuciyata tana bayan mahaifina. Da Kulu ta karɓi wayar sai ta ce a hankali, "Bar ni da matan. Gobe a bakin rijiya duk zan bi su ɗaya-ɗaya."

Washegari na kai wa Shehu amsa, na gyara ta, na cire mata ƙaya, na ce Baba yana gaisuwa yana godiya, sai dai abin ya yi masa nauyi. Shehu ya dube ni da idon tausayi ya ce, "Gaskiya ya faɗa, ban taɓa riƙe igiya ba." Alhali wannan maganar ban kawo masa ita ba. Ya ce, "Ka isar da saƙo. Saura ba naka ba ne."

Ranar Laraba bayan la'asar muna zaune mu tara a gabansa, yana fassara mana wani babi na fiƙihu. Sama a Alƙahira tas take, babu ko iskar da za ta kaɗa labule. Sai Shehu ya tsaya a tsakiyar jimla, abin da ba mu taɓa ganin ya yi ba. Ya ajiye littafin a cinyarsa, ya miƙa hannunsa na dama gabansa ya damƙe, alhali babu komai a wurin, jijiyoyin hannun suka tashi, jikinsa ya karkata gaba har na zabura don in tare shi. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya kewaya hannun sau ɗaya da ƙyar, ya kewaya na biyu, ya kewaya na uku, kamar mai warware abin da aka naɗe, sannan ya ce da Hausa, da murya ƙasa-ƙasa irin ta mai lallashi, "Saki, Nomau. Saki." Ya sauke hannun, ya yi hamdala, ya ɗauki littafin, ya ci gaba daga kalmar da ya tsaya a kanta.

Babu wanda ya motsa. Hamad ya duba agogonsa, ƙarfe biyar saura minti ashirin, ya raɗa mini a kunne, "Wane ne Nomau?" Na ce ban sani ba. Ban rufe baki ba na tuna. Kakata, wadda ta rasu ina ƙarami, da wannan sunan take kiran mahaifina saboda an haife shi ana tsakiyar noma, kuma tun da aka binne ta babu wanda ya sake kiransa da shi, ni kaina na manta da akwai shi. Da magariba ta yi, ina zuba wa Shehu ruwan alwala kamar yadda na saba, sai na ga jan shati ya ratsa tafin hannunsa na dama, fatar ta saluɓe, irin saluɓewar da igiya kan yi wa mai jan guga. Ya ga na gani. Ya ce, "Abin da ka gani, bar shi inda ka gan shi."

Daga nan na ruga shagon waya, amma wayar Kulu ba ta shiga. Da safe muka ji a rediyon Hausa, cikin 'yan jimloli, cewa mahaukaciyar guguwa ta ratsa wasu ƙauyukan yankinmu, ta rushe gidaje, an yi asarar rayuka, ba a san adadi ba. Ba su faɗi sunan ƙauye ko ɗaya ba. Kwana uku na yi ina zarya tsakanin ɗaki da shagon nan har mai shagon ya daina tambayata lamba. Hamad yana bina da gurasa da wake yana cewa, "Ma'alish ya akhi, yi haƙuri ɗan'uwa, ci ko loma ɗaya, khalas, ya isa haka, Allah Yana nan." Na so in tambayi Shehu kai tsaye ko mahaifina yana raye, amma duk sanda na ɗaga kai sai in fasa, don na ji tsoron amsar, na kuma ji kunyar in mai da shi kamar mai duba. Shi ma bai ce mini komai ba sai, "Ka ci abinci, Ja'afaru."

Ranar Asabar da hantsi Kulu ta kira, daga garin kasuwa, don ƙarfen sabis na wajenmu ya faɗi. Muryarta ta dushe. Kalmar farko da ta faɗa ita ce, "Yana nan." Sai da na zauna a bakin titi na gama kukana sannan ta ba ni labari.

Ta ce ranar Laraba, ana shirin kiran la'asar, hadari ya haɗo daga gabas, amma launinsa ba irin wanda aka sani ba ne, baƙi ne da kore-kore a gindinsa. Iska ta ɗauke ɗif, kaji suka shige akurki da rana tsaka, aka yi ɗan yayyafin ƙanƙara. Maza suka fito da igiyoyi kamar kullum, kowa ya nufi rumbunsa. Sai wani abu ya sauko daga cikin girgijen kamar mazurari, ya taɓa ƙasa a gonakin gabas, yana juyawa yana tafe, da ƙara kamar manyan motoci goma sun taso gaba ɗaya. Ba irin 'yar guguwar rani ba ce da yara ke bi suna jifa. Kulu ta ce tana gani kukar bakin hanya, wadda mutum biyar ba sa kewaye ta da hannu, ta kwanta. Nan ta kwarma ihu, "Kududdufi! Kududdufi!" Matan da ta bi a bakin rijiya suka kwashi 'ya'yansu suka ruga, tsofaffi aka goya su, maza da suka ga abin da ke tafe suka watsar da igiyoyi suka bi bayan matansu.

Hassumi, maƙwabcinmu, shi ne mai riƙe wa mahaifina ɗaya gefen tun suna samari. Ya saki, ya kama rigar Baba yana ja yana cewa, "Sada, wannan ba iskar riƙewa ba ce, taho!" Baba ya fizge, ya ce masa matsoraci, ya ɗaure gefen Hassumi a turken jaki, ya koma nasa gefen ya naɗe igiya sau uku, ya zauna. Hassumi ya faɗa rami shi kaɗai. Kulu ta ce daga ƙasa tana hangen kan Baba da hularsa, tana kiransa ba ta jin muryar kanta, ga kwanon rufi yana yawo a sama, ga amalanke ya wuce ta bisa kansu. Ta kifa kanta a kan 'yarta tana salati. Can sai ta ji wani abu mai nauyi ya gangaro ya bugi ƙafafunta. Da ta duba, Baba ne, ba hula, hannunsa yana jini.

Sannan ta miƙa masa wayar, don tare suka zo garin. Ban taɓa jin muryar mahaifina haka ba. Ya ce, "Jafaru, igiyar ta ci hannuna. Rumbu ya tashi, ƙafafuna sun bar ƙasa. Na so in saki, wallahi na so, amma ta ɗaure, ba ta sakuwa. Sai na ji an kama hannuna, an warware ta, ɗaya, biyu, uku. Aka kira ni da sunan da rabona da jin shi tun rasuwar Inna. Ban ga kowa ba." Ya ce, "Rumbu ya tafi, Jafaru, ko dami ɗaya bai rage ba." Sai ya fashe da kuka, mutumin da ko ranar jana'izar mahaifiyata ban ga hawayensa ba. Da ya natsu ya ce, "Ka ce wa malaminka... ka ce mashi ban san abin da zan ce ba."

Daga baya aka san girman abin. Ba guguwa ɗaya ba ce, tsakanin yammacin Laraba da Alhamis guda huɗu ko biyar ne suka sauka, suka ratsa ƙauyuka bakwai na manoma, suka tuge bishiyoyi, suka kwashe dabbobi, aka binne fiye da mutum hamsin. Akasarinsu magidanta ne, kuma da yawa an tsince su a gonaki da guntun igiya a hannu. A Tudun Ƙirya mutum biyu muka rasa, dattawa biyu da rumbunansu ke can yamma da gari, kiran bai kai gare su da wuri ba, Allah Ya ji ƙansu. Ruwan da aka ji tsoron zai cika ramin kuwa bai kai idon sawu ba. Rumbunmu ba a sake ganinsa ba, turken jakin ne aka tsinta a wata gona mai tafiyar rabin sa'a.

Ranar Lahadi da hantsi na hau benen ni kaɗai. Na tarar da Shehu, Allah Ya ɗaukaka darajarsa, ya idar da walaha yana zaune a kan tabarma. Na faɗi gabansa ina neman hannunsa in sumbata, ya janye shi cikin hannun riga. Na kwashe labari duka na gaya masa, har da maganar Baba ta ƙarshe. Ina tsammanin zai ce a gode wa Allah ya sallame ni, kamar yadda yakan yi in an zo masa da godiya. Amma da na ɗaga kai sai na ga hawaye suna bin gemunsa, bai share su ba.

A ranar ce, sau ɗaya tak a zamana da shi, ya yi mini zancen gida. Ya ce yana ɗan shekara bakwai irin wannan guguwa ta sauka a ƙasarsu, ita ma a farkon damina, kwana biyu tana bin ƙauyuka, har mutanen wurin suka riƙa lissafin haihuwa da aure daga shekararta. Babu rediyon da ya faɗa, babu wanda ya rubuta, waɗanda suka rage ne suka binne waɗanda suka tafi, suka koma shuka. Mahaifiyarsa ce ta sure shi ta faɗa kududdufi da shi ta kwanta a kansa, amma ta ƙarƙashin hannunta yana hangen mahaifinsa a gindin rumbu, da igiya a naɗe a hannu. Ya ce ya kira shi iya ƙarfinsa, ya ce Baba saki. Mahaifin ya juyo, suka haɗa ido, ya yi masa alama da kai cewa ya kwanta. Sai rana ta uku aka same shi.

Sannan Shehu ya ce, "Tun ranar nake roƙon Allah Ya ba ni hannu ɗaya in kwance. Shekara sittin da biyar. Sai bana aka amsa." Kuka kawai nake yi. Ya dafa kaina ya ce, "Ka ce wa mahaifinka babu abin da zai ce. In ya yi salla, ya sa nawa uban a addu'a. Manomi ne kamarsa."

Na isar da wannan saƙon a ranar, tun su Kulu ba su bar garin kasuwa ba, ban kwana da shi ba. A daminar nan dangi da maƙwabta suka tara wa gidanmu dammuna har aka ga kaka, aka gina sabon rumbu. Mahaifina yana nan da ransa yau da nake wannan rubutu, ya tsufa, ji ya ragu, kuma ba ya tashi daga kan buzunsa bayan kowace salla sai ya ɗaga hannun nan mai tabo ya roƙa wa wani manomi gafara, wanda bai taɓa gani ba, bai san garinsu ba, bai ma san sunansa ba, yakan ce dai, "Allah, uban malamin Jafaru."

Shehu ya koma ga rahamar Ubangijinsa a shekarar 2015, aka binne shi a Alƙahira, nesa da ƙasar da ta haife shi, ni kuma na dawo gida a ƙarshen shekarar, sai yanzu na ga ya halatta in buɗe bakina. Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa masani, mai tsoronKa a ɓoye da bayyane, mai tausayin bayinKa na kusa da na nesa. Ka yalwata kabarinsa, Ka haɗa shi da mahaifinsa a inuwar da babu tsoro a cikinta, Ka ji ƙan waɗanda guguwa ta ɗauka a da da yanzu. Ka sa albarkarsa ta bi mu, mu da iyayenmu da zuriyarmu da duk wanda ya karanta wannan ya ce amin, don alfarmar Fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.